Tsamiyar Inna

Shekarar 'yancin kai, matar Anasaran da Baba ke yi wa kuku a Gidan Rumji ta bar mana akwatin gilashinta na kiwon kifi. Ruwan rijiya ya sa gilashin ya yi fari, ba a ganin ciki. Ta ce sai maganin Faransa zai fidda shi.

Inna ta yi tsaki, ta jiƙa tsamiyar kununmu.

"Ke, zo ki goga. Ban da toka, ba tukunya ba ce."

Na yi ta gugawa har na hango fuskarta tar ta cikin gilashin.

"To, a gaya wa Faransa," in ji ta.

Har yau in aka ce mini abu sai na waje, ƙamshin tsamiya nake ji.