Damen Hatsi a Ɗakin Hoton Zuciya

"Baba, ɗaga hannuwanka sama da kai," in ji ma'aikaciyar ɗaukar hoton. "Suna tare hoton, ba mu ganin inda jini ya kasa kaiwa a zuciyarka."

Tsohon ya kafe. Ranar da ɓarayin daji suka ritsa shi a gonarsa ta Gatawa ma bai ɗaga musu hannu ba. Sai yau, a asibitin birni, don na'ura?

"Ba ni ɗagawa, ɗiyata."

"Ƙarfin allurar da muka yi maka don hoton yana raguwa, Baba."

Can sai hannuwan suka tashi, suka tsaya ƙyam har na'urar ta gama kewaya ƙirjinsa. Hoto ya fito tas.

"Ai ga shi ka ɗaga!"

"Ni? Damen hatsina na miƙa rumbu. Kuma bana ma za ni noma gonar nan."