Zoben da Ya Tona Inna

Tunda injuna suka iya rubuta labari, kamfanin ɗab'i ba ya karɓar littafin kowa sai marubucin ya karanta shi a gaban wani nasa. Mai sauraren zai sa zobe, in zuciyarsa ta motsa sai zoben ya yi haske.

Malam Sidi, editan kamfanin, ya taɓa ce min, "Barira, in labarinki bai taɓa 'yan gidanku ba, ba zai taɓa baƙo ba."

Ni kuwa Inna kaɗai gare ni, kuma ni ce 'yar farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yabe ni a gaban mutane. Da ƙyar ta yarda ta biyo ni.

Aka sa mata zoben, na fara karatu, ita kuma ta kau da kai tana kallon bango. Da na iso inda uwar da ke cikin labarin take rufa wa 'yarta zane tana barci, don kada yarinyar ta san ita ce, sai zoben ya haske ɗakin gaba ɗaya. Ma'aikata suka hau tafi.

"Hajiya, ashe haka kike son ta?" in ji Malam Sidi yana dariya. "Littafi ya karɓu."

Inna ta cusa hannunta cikin mayafi, amma hasken yana ratsowa. Ban iya ɗaga ido ba.

A hanyar gida ta yi magana, ba tare da ta dube ni ba.

"Wance, ashe idonki biyu."