Kukan Ƙarfe

Jirgin soja mai saukar ungulu ya dira a fadamar Lafagu da hantsi, kafin la'asar motoci uku sun iso da makanikai. Wata dattijuwar garin tana tsaye da tulunta tana kallo. Tun ranar da 'yan bindiga suka ƙetaro iyakar Benin suka harbi mijinta a bakin kogi, babu motar da ta tako garin, duk da aiken neman taimako da aka yi ta yi zuwa Bagudo.

"Ɗan nan, wa ya gaya muku jirgin ba shi da lafiya?" ta tambayi wani soja.

Ya nuna mata wani ɗan abu kamar kwalin ashana, manne da ƙarfen da makanikan suka cire daga jirgin. "Wannan ne, Inna. Da tsatsa ta fara cin ƙarfe sai ya aika mana saƙo har ofis, ba sai an ja waya ba."

Bayan sun tafi ta tsince shi cikin ciyawa, ɗan jan haskensa na ƙyaftawa.

A ɗaki ta kore ƙudaje, ta ɗaure shi da zare a cinyar mijinta, daidai inda harsashin ya maƙale.

"Mi ne ne wanga?" ya tambaya da ƙyar.

"Ƙara haƙuri, Malam. Ƙarfe ne a jikinka. Shi ƙarfe suna jin kukanshi."

Ta shimfiɗa tabarma a bakin hanya, ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar motoci. Har mijin ya cika aka sallace shi, hasken bai daina ƙyaftawa ba.