Ɗigon Mai A Ƙarƙashin Keken Injiniya

Shekara ashirin da biyu Injiniya yana gyaran mota, kuma babu wanda ya taɓa jin ya ce "ban sani ba". Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba, masu motoci ne suka laƙaba masa, shi kuma ya karɓa hannu bibbiyu. Gaskiya ya iya aikinsa. Matsalarsa ɗaya ce, gani yake duk wani abu mai taya a duniya a tafin hannunsa yake.

Da likita ya ce tumbinsa ya yi yawa, sai ya sayi keken hawan dutse, irin mai kaurin taya wanda birkinsa ke aiki da mai. Duk Lahadi da safe yakan hau tudun bayan unguwa yana haki, ya gangaro baki har kunne.

Matarsa ce ta fara lura da ɗigon mai a inda yake jingine keken.

"Baban yara, kekenka fa fitsari yake mini a tsakar gida," in ji ta. "Kullum sai na goge."

"Ɗan gumi ne yake yi, shi ma ai motsa jiki yake," ya amsa.

Ran nan sai ga ƙaninsa, Auta, ya zo gaishe su. Shi Auta shagon gyaran keke gare shi, sana'ar da Injiniya yake wa kallon wasan yara. Ya matsa hannun birkin baya, ya ji ya tafi luɓus har ya taɓa kan keken. Ya durƙusa ya shafa tiyon man birkin da yatsa.

"Yaya, birkin nan yoyo yake. Bakin tiyon ne ya saki, ga mai har ya jiƙa faifan taya. Ka kawo mini shago gobe in canza shi, in fitar da iska, in wanke faifan."

Injiniya ya yi dariya har tumbin na rawa. "Ni zan kawo maka gyara? Ni da nake kwance birkin tirela? Auta, ni fa na koya maka riƙe sifana."

"Haka ne, Yaya. To amma don Allah kar ka zuba masa man birkin mota. Irin wannan nasa man daban ne. Na mota cinye masa robobin ciki yake yi."

"Mai ai mai ne," in ji Injiniya, ya shiga wata hirar.

Washegari ya tura keken garejinsa. Ya ɗaure bakin tiyon tamau, ya buɗe ɗan murfin da ke jikin hannun birkin, ya ɗura masa man birkin mota. Da ya ga akwai saura a gwangwanin, har birkin gaba, wanda bai yi laifin komai ba, sai da ya ƙara masa. Ya matsa ya ji tauri, ya yi wa kansa kirari.

Lahadin farko birki ya kama lafiya lau. Daga gindin tudun ya kira Auta a waya, ba don komai ba sai don ya ce masa, "Ina gaisuwa, likitan keke."

Abin da bai sani ba shi ne, man yana can yana aikinsa a ɓoye. 'Yan robobin da ke tare mai sun sha sun kumbura, sun yi laushi kamar burodin da aka tsoma a shayi.

Lahadi ta uku yana cikin gangarowa, iska na kaɗa masa riga, ya doso kwanar da masu buga bulo suke aiki. Ya matsa birkin baya, babu komai. Ya matsa na gaba, shi ma haka. Ga tulin yashi a dama, ga bulo an jera a hagu. Injiniya ya zaɓi yashi, keken ya zaɓi bulo.

A asibiti ya farfaɗo, haƙoransa biyu na gaba babu, wuyan hannunsa na dama ya karye wuri biyu. Likitan nan dai ne ya tsaya a kansa.

"Tumbi na ce ka rage, ba haƙora ba," in ji shi.

Kowa a ɗakin ya yi dariya, har shi mai jinyar. Amma dariyar ba ta daɗe ba. Wata biyu hannun yana ɗaure, matarsa ke ba shi abinci a baki. Da aka kwance, hannun bai koma yadda yake ba. Mutumin da ke kwance birkin tirela, yanzu idan noti ya yi tauri sai ya kira maƙwabcinsa na gareji ya murɗa masa. Wannan ya fi karayar yi masa ciwo, kuma bai ɓoye ba.

Auta bai taɓa ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ya ɗauki keken ya kai shago, ya canza duk abin da man ya lalata. Ranar da zai ɗura sabon mai, Injiniya ya zo ya zauna a kan benci yana kallon yadda yake tura man da sirinji, iska na fita kumfa-kumfa.

Can ya yi gyaran murya. "Auta, wannan man, yaya ake gane wanda ya dace? Ni ban sani ba."

Auta ya ɗago ya dube shi. "Yaya, maimaita, in kira Anti ta ji da kunnenta."

"Ka ci gidanku," in ji Injiniya, yana dariya da giɓinsa. Ya matso da bencin kusa, Auta ya nuna masa rubutun da ke kan murfin.

Mai karatu, idan birki ya fara ɗigo, a ajiye abin hawa sai an gyara, kuma a zuba masa irin man da aka rubuta. Gwanintarka a sana'arka ba ta sa ka san ta wani ba. Ka tambayi mai ita ko da ƙaninka ne, tun hannunka yana lafiya.