Usur ɗin Ƙofar Gidan Iska

Ai Zulaina ta busa usur ɗin, jama'a! Kun dai san dokar asibitin nan, Gidan Iska: wanda ciwon huhu ya kwantar ba ya fita sai usur ɗin ƙofa ya yi ƙara a bakinsa. Tare aka kwantar da ita da babanta, shi ya koya mata jan numfashi, kullum suna zagaya baranda. "Ja ta hanci, uwata, ki saki kamar mai hura koko."

Ta busa, fiiit! Shi ya busa, shiru. Ya sake, shiru.

"Abba, in busa maka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Je ki, ina tafe."

Ga ta nan a gida, ba tare da baban ba, ta zuba masa koko tana hurawa. Ku faɗa wa dangi ta fito, amma don Allah kada a tambaye ta babanta.