Hoton Alƙali Zali

Sai da tasin ta ɓace a cikin cunkoson unguwar Shisha ta birnin Makka sannan Lurwanu ya ga babu komai a hannunsa. Ya bi ta da gudu har takalminsa ya tsinke, amma ina.

Abin da ya bari a kujerar baya ƙunshi ne na farin ƙyalle. Kakarsa Hajiya Hure ce ta ba shi da safe, ta ce hoton mahaifinta ne, Alƙali Zali, wanda ya rasu a Sudan a kan hanyar hajji tana yarinya. Tun kafin a rushe gidansu na unguwar Jarwal hoton yake kulle a akwati. Yanzu jiki ya yi rauni, tana son jikanta mai aikin ɗab'i ya gyara shi, kowane gida ya samu kafin taron Idi. Lurwanu ko kwance ƙunshin bai yi ba.

Ya zaga tashoshin tasi, ya tambayi direbobi har suka fara gudunsa. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya je unguwar Ka'akiyya wurin kawunsa Mukhtaru, ya bugi cikinsa da hira.

"Rabona da hoton nan tun ina firamare," in ji kawun. "Ai ba hoton kyamara ba ne, zane ne. Siraran layuka kamar na takardar riyal. Ga gemu, ga littafi a hannu. Shi muke nuna wa yaran unguwa idan suka ce ba mu da asali."

Lurwanu ya koma shago ya shiga intanet. Bai sha wahalar nema ba. Ga su nan birjik, masana shari'a na Turai na ƙarni na sha shida, waɗanda ake sassaƙa fuskokinsu a farantin tagulla a buga a littattafai. Kusan kowanne da gemu, kowanne da littafi.

Ya zaɓi wani Ba'italiye mai zurfin ido. Ya goge rubutun Latin da ke ƙasa, ya naɗa masa rawani, ya ƙara masa duhun fata. Da zai gyara hancin, sai ya duba na kakarsa a wayarsa ya kwaikwaya. Yana aikin yana istigfari.

Ranar Idi falo ya cika. Kawu Mukhtaru ya rungume hoton yana kuka kamar yaro. Jikokin da Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba suka yi ta ɗauka a waya suna cewa jaddi, jaddi, wato kakana da Larabci. Wani ya rantse goshinsa ya gado. Duk wanda ya sa wa Lurwanu albarka, sai ya sunkuyar da kai. Ko naman bai iya taɓawa ba.

Hajiya Hure kuwa ta daɗe tana kallon hoton. Bayan la'asar ta aika a kira shi ɗakinta, ta ce ya turo ƙofa.

"Wannan ba shi na ba ka ba."

Ya durƙusa. "Sitti, kakata, na yar da shi a tasi. Wallahi na nema. Wannan wani Bature ne, ni na..."

Ta shafa fuskar da ke takardar da yatsa, a hankali, har zuwa hancin.

"Tashi, khalas, ya wuce. Babana ko inuwarsa bai yarda a zana ba. Wancan da ka yar, a littafin wani lauya Bature na yanko shi, lokacin da nake masa wanki a Jidda, don kawunnanka su daina dawowa gida da kuka." Ta goge ido da gefen mayafi. "Naka ma ya fi nawa kama da shi."