Iskar Challawa

Wuta na ɗaukewa a asibiti, na'urar da ke ba wani dattijo iska ta yi shiru. Ƙirjinsa ya shiga ɗagawa yana sauka.

"Sista, ki yi wani abu mana!" in ji matarsa. "Dubi leɓensa."

Ma'aikaciyar jinyar ta aika a tayar da janareto, aka ce sai an samo mai. Sai ta tuna darasin farko da aka koya musu, wanda ya girmi kowace na'ura: kafin magani, a ba majinyaci haske da iska mai tsabta. Ta yaye labule, ta tura taga.

Iskar Challawa, unguwar masana'antu, ta shigo da warin jiƙaƙƙiyar fata da hayaƙin kamfanoni. Dattijon, wanda ya tsufa yana jeme fatu a bayan katangar asibitin, ya sarƙe da tari.

"Rufe, 'yata," ya ce da ƙyar. "Ita ta kawo ni nan."

Ta rufe. Babu malamin da ya taɓa gaya mata abin yi idan iskar ce cutar. Ta tallafe shi da filo, ta karɓi mafici daga hannun matar, ta zauna a bakin gado.

"Baba, ku ja numfashi a hankali. Ina nan."

Tana fifita, tana sauraren janareton da har yanzu bai tashi ba. Duk iskar da ta rage masa daga hannunta take fitowa, kuma hannun ya fara gajiya.